Almroth Wright, Likitan Da Ya Auna Ƙarfin Jini

An haifi Almroth Wright a Ingila cikin 1861, ya yi karatun likita a Dublin. Shi ya shirya allurar rigakafin zazzaɓin taifot a 1896.

Amma aikinsa mai ban sha'awa shi ne a kan ƙwayar cutar da ke kawo maruru, wadda likitoci ke kira stafilokokas. A 1903, a asibitin St Mary's na London, shi da Stewart Douglas suka gano cewa akwai wani abu cikin ruwan jini da ke manne wa ƙwayar, fararen ƙwayoyin jini su sami sauƙin haɗiye ta. To, yaya za a auna shi? Sai ya gauraya ruwan jinin majinyaci da ƙwayoyin cutar da fararen ƙwayoyin jini cikin siririn bututun gilashi, ya ɗumama, ya duba da madubin likita ya ƙidaya waɗanda aka haɗiye, kana ya gwada da na mai lafiya. Aiki ne mai cin rai, ƙidayar kuwa ba ta cika dacewa ba, daga baya likitoci suka bar shi.

Mutum ne mai taurin kai ƙwarai, har littafi ya rubuta kan kada a bar mata su jefa ƙuri'a. A sashensa ne Alexander Fleming ya gano penisilin a 1928, a kan farantin wannan ƙwayar. Wright ya rasu a 1947.