Sergei Prokudin-Gorski, Mai Hoton Gilashi

An haifi Sergei Prokudin-Gorski a lardin Vladimir na ƙasar Rasha cikin shekarar 1863. Ilmin sinadarai ya fara nema, amma sai hoto ya ɗauke masa hankali, har ya tafi Balin a 1902 wurin Adolf Miethe don ya koyi ɗaukar hoto mai launi.

A wancan zamani baƙi da fari kaɗai gilashin hoto yake riƙewa. Dabarar kuwa ita ce a ɗauki abu guda sau uku a jere bisa dogon gilashi ɗaya, kowane karo ta bayan matatar launi dabam, wato shuɗi da kore da ja. In aka haska ukun nan da majigi mai ido uku, suka hau kan juna, sai launi ya bayyana a bango. Buga su a takarda kuwa aiki ne mai wuya da tsada, saboda haka kaɗan ne aka buga.

Hoton marubuci Tolstoi da ya ɗauka a 1908 shi ya fito da sunansa. Sarki Nikolas na Biyu ya ba shi taragon jirgin ƙasa mai ɗakin wanke hoto, ya yi ta zaga daular daga 1909 zuwa 1915, yana ɗaukar manoma da masallatai da coci-coci da gadoji. A 1911 ya ɗauki Sarkin Bukhara, garin Imamu Buhari, zaune cikin shuɗiyar riga mai furanni.

Bayan juyin mulki ya bar Rasha a 1918, ya rasu a Faris a 1944. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sayi gilasansa wajen 1,900 daga magadansa a 1948, amma sai a 2000 aka shigar da su kwamfuta, inda ake ɗora hotunan uku bisa juna a daidaita, a kuma iya buga su. Sai dai abin da ya motsa tsakanin ɗauka da ɗauka, kamar ruwan kogi ko yaron da ya kasa tsayawa cik, ba ya daidaituwa. Yakan fito da zane-zanen ja da kore a gefensa. A ganina bai kamata masu gyara su goge wannan ba, domin shi ke nuna cewa sau uku aka buɗe idon kyamarar.