Waiwaye: Maryam Babangida, 'yar Asaba da ta kai gwamnati ƙofar matan karkara

A ranar 27 ga Disamba, 2009, Allah Ya yi wa Hajiya Maryam Babangida rasuwa a wani asibiti da ke birnin Los Angeles na ƙasar Amurka, tana da shekara 61, bayan doguwar jinyar ciwon daji na ƙwan mace. An kawo gawarta gida, aka yi mata sutura a Minna. Duk lokacin da watan Oktoba ya kama, watan da duniya ta ware domin wayar da kai kan sankarar mama, rayuwarta da rasuwarta sukan dawo cikin tunanin masu fafutukar lafiyar mata a Najeriya.

An haife ta ranar 1 ga Nuwamba, 1948, a Asaba, garin da ke gaɓar yamma ta Kogin Kwara, yana fuskantar Onitsha. Mahaifinta, Leonard Nwanonye Okogwu, ɗan ƙabilar Ibo ne na Asaba. Mahaifiyarta kuwa, Hajiya Asabe Halima Mohammed, ta fito ne daga yankin da a yau ake kira Jihar Neja. Irin wannan auratayya ba baƙon abu ba ce a bakin Kwara. Tun kafin a buɗe gadar Onitsha a 1965, fatake daga Kano da Bida da Sakkwato suna sauka da shanu da albasa da wake, su koma da goro da manja, wasu kuma su kafa zango su yi aure su hayayyafa. A Enugu ma, Malam Umaru Altine, mutumin lardin Sakkwato, shi ne magajin garin farko da aka zaɓa a shekarun 1950. A cikin irin wannan cuɗanya Maryam ta buɗe ido, jininta rabi Kudu rabi Arewa.

Ta fara karatun firamare a Asaba, sannan ta koma Kaduna, inda ta shiga makarantar 'yan mata da a yanzu ake kira Kwalejin Sarauniya Amina. Daga nan ta koyi aikin sakatare a Cibiyar Horarwa ta Tarayya da ke Kaduna, ta ƙara da difloma a fannin, daga baya kuma ta yi kwas na kwamfuta a Legas. Yaƙin basasa ya same ta tana budurwa, kuma garinsu na Asaba yana cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu, musamman a watan Oktoban 1967. Ana cikin yaƙin, ranar 6 ga Satumba, 1969, aka ɗaura mata aure da wani matashin hafsan soja ɗan Minna, Ibrahim Badamasi Babangida, wanda bai daɗe da murmurewa daga raunin da ya samu a fagen daga ba. Allah Ya albarkace su da 'ya'ya huɗu: Mohammed, Aminu, Aisha da Halima.

Zaman bariki ne makarantarta ta farko a harkar jama'a. Da mijinta ya zama Babban Hafsan Sojan Ƙasa bayan juyin mulkin ƙarshen 1983, sai shugabancin ƙungiyar matan hafsoshin soja, NAOWA, ya faɗo hannunta. A ƙarƙashinta ƙungiyar ta buɗe makarantu da ƙananan asibitoci da wuraren renon yara da cibiyoyin koyar da mata sana'a. Abin da ta gani a barikoki ta tattara shi a littafinta na 1988 mai suna The Home Front, kan hafsoshin soja da matansu.

Ranar 27 ga Agusta, 1985, Janar Babangida ya karɓi mulkin ƙasa. Kafin lokacin, matar shugaba a Najeriya ba a cika jin ɗuriyarta ba sai wajen tarbar baƙi ko ziyarar gidan marayu. Maryam ta sauya wannan al'ada. A watan Satumban 1987 ta ƙaddamar da shirin Better Life domin kyautata rayuwar matan karkara. Matan gwamnonin soja ne suka jagoranci shirin a jihohi, matan shugabannin ƙananan hukumomi kuma suka kai shi ƙauyuka. Aka kafa ƙungiyoyin gama kai, aka raba injinan niƙa da na sarrafa rogo da gyaɗa, aka buɗe ajujuwan yaƙi da jahilci da shaguna da cibiyoyin mata. Ta fuskar lafiya, shirin ya zo daidai da zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti a Ma'aikatar Lafiya, lokacin da ake ta kiran iyaye mata su kai yara rigakafi, su kuma koyi haɗa ruwan gishiri da sukari.

Ƙoƙarin nata ya taimaka wajen kafa Hukumar Mata ta Ƙasa a 1989, da gina Cibiyar Bunƙasa Mata ta Ƙasa a Abuja, wadda aka buɗe a 1992 kuma take ɗauke da sunanta a yau. A 1991 ta raba lambar yabon shugabanci ta Afirka kan yaƙi da yunwa tare da Wangari Maathai ta Kenya.

Shirin bai tsira daga suka ba. Masu adawa sun nuna cewa ofishin uwargidan shugaban ƙasa ba shi da tushe a dokar ƙasa, sun yi tambaya kan kuɗin da ake kashewa, sun kuma ce matan birni masu ado da gwala-gwalai sun fi matan ƙauye cin moriya, a daidai lokacin da matakan tsuke bakin aljihu na SAP suke gasa wa talaka aya a hannu. Haka kuma da aka ƙirƙiro Jihar Delta a 1991 aka mai da Asaba hedikwatarta, mutane da yawa sun ce da hannunta a ciki. Duk da haka, magoya baya da 'yan suka sun haɗu a kan abu guda: daga zamaninta ne batun matar karkara ya samu kujera a zauren gwamnati. Bayan mijinta ya sauka a Agustan 1993, ta koma Minna, ta duƙufa kan makarantar El-Amin da ta kafa, ta kuma ci gaba da aikin mata ta ƙungiya mai zaman kanta.

Cutar da ta yi ajalinta tana cikin masu wuyar ganowa. Ƙwan mace yana can cikin mara, inda ido ba ya gani, hannu ba ya kaiwa. Alamominsa na farko, kamar kumburin ciki, saurin ƙoshi, ciwon mara da yawan fitsari, suna kama da ƙananan larurori na yau da kullum, kuma har yanzu likitoci ba su da wani gwaji tabbatacce da za a riƙa yi wa dukkan mata domin kama shi da wuri. Akwai dangantaka tsakaninsa da sankarar mama: matan da suka gaji tangarɗa a ƙwayoyin halitta da ake kira BRCA1 da BRCA2 suna cikin haɗarin kamuwa da kowanne daga cikin biyun. Shi ya sa likita kan tambayi mace ko uwa ko 'yar'uwa ko goggo ta taɓa yin ɗayansu.

Sankarar mama kuwa takan nuna kanta. Ƙullutu a nono ko a hammata, wanda sau da yawa ba ya zafi. Fata ta lotsa ko ta yi kaushi kamar ɓawon lemo. Kan nono ya shige ciki. Jini ko wani ruwa ya riƙa fita. Siffar nono ɗaya ta sauya. Yawancin ƙullutun da mata ke ji ba daji ba ne, amma asibiti kaɗai ke iya bambancewa, ta hanyar dubawar ma'aikacin lafiya, da hoton nono, da ɗebo ɗan tsoka a auna. Maza ma suna kamuwa, ko da yake kaɗan ne.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022 mata miliyan 2.3 ne aka gano suna da cutar a faɗin duniya, 670,000 kuma suka rasu. A Najeriya ita ce kan gaba a cikin cututtukan daji da ke kama mata. A wannan shekarar an ƙiyasta sabbin masu ita sama da 32,000, waɗanda suka rasu kuma sama da 16,000. A ƙasashe masu arziki, fiye da mata 90 cikin 100 suna raye shekara biyar bayan gano cutar. Babban abin da ya raba mu da su shi ne lokacin zuwa asibiti, domin akasarin matan Najeriya sai cutar ta yi nisa suke isa gaban likita. Don haka shirin da hukumar ta ƙaddamar a 2021 ya ɗora buri uku: a gano kashi 60 cikin 100 na masu cutar a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60, sannan kashi 80 cikin 100 su kammala magani.

A unguwannin Hausawa na Onitsha da Enugu da Fatakwal, asibiti ba shi da nisa. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya a Ituku-Ozalla kusa da Enugu, da na Jami'ar Fatakwal, da na Jami'ar Nnamdi Azikiwe a Nnewi, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Asaba. Abin da ke tsayar da matar zango shi ne kunya, da tsoron a ce za a cire nono, da kuɗin magani, da jiran izinin maigida wanda ya tafi fatauci, da kuma harshe, domin yawancin faɗakarwar da ake yi a waɗannan birane da Turanci ne ko Ibo ko Buroka. Sai a ɗauki ƙullutu a matsayin maruru ko daskararren ruwan nono ko sammu, a yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe har wata shida ko shekara ta wuce. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dabarar da Maryam Babangida ta yi amfani da ita tun 1987 tana nan da amfaninta: a tarar da mata a inda suke taruwa, a yi musu magana da harshen da suke ji, ta bakin wadda suka yarda da ita. A zango, wuraren nan su ne makarantar Islamiyya, da taron adashi, da gidan suna, da ofishin FOMWAN, da zauren Sarkin Hausawa, inda za a iya jan hankalin magidanta su bar matansu su je a duba su. A Asaba akwai babban titi da ake kira da sunanta, kuma daga can zuwa kasuwar Onitsha tsallaka gada ne kawai. Matan da ke bin wannan hanya kullum da kayan sana'arsu su ne irin waɗanda ta yi wa aiki. Allah Ya jiƙanta da rahama.