Fasto Son Yang-won na Koriya, Wanda Aka Kashe Masa 'Ya'ya Biyu

Sa'ad da muke karatun Matta sura 5, inda Ubangiji ya umarci almajiransa su ƙaunaci magabtansu, sau da yawa wani cikin aji yakan tambaya ko wannan umarni ya shafi mutumin da aka zub da jinin ɗansa. Tambaya ce mai nauyi, ba za mu amsa ta da garaje ba. Bari mu duba labarin wani uba da abin ya same shi.

An haifi Son Yang-won a shekarar 1902 a gundumar Haman, a kudancin ƙasar Koriya. Ya yi karatun tauhidi a birnin Pyongyang, a 1939 kuma ya tafi aiki a Aeyangwon, wani sansanin kutare kusa da garin Yeosu. A can ya zauna tare da su, yana shiga ɗakunan waɗanda danginsu ma suka guje su. A zamanin nan Japanawa ne ke mulkin ƙasar, suna tilasta wa mutane su yi sujada a wuraren tsafinsu. Ya ƙi, aka jefa shi kurkuku a 1940, bai fito ba sai 1945, da mulkinsu ya ƙare.

A watan Oktoba na 1948 wata rundunar soja ta yi tawaye a Yeosu, fitinar ta bazu har garin Suncheon, inda 'ya'yansa maza biyu, Dong-in da Dong-sin, suke makaranta. Ran 21 ga watan waɗansu 'yan makaranta da suka bi 'yan tawaye suka kama su, aka harbe su duka biyu. Da sojan gwamnati suka karɓe garin, su ma suka kashe mutane da yawa, suka kama wani saurayi mai suna An Jae-seon saboda kisan yaran, za su harbe shi.

Ranar jana'iza uban ya tsaya gaban jama'a, ya lissafta abubuwa tara da yake gode wa Allah dominsu. Ɗaya daga ciki shi ne, an ba shi zuciyar neman ceton wanda ya kashe masa 'ya'ya. Ya kuwa aika da roƙo wurin hukuma a bar saurayin da rai. Aka sake shi, Fasto Son ya ɗauke shi ɗa, ya kawo shi gidansa.

A nan ya kamata mu lura da sauran mutanen gidan, gama ba uban kaɗai aka yi wa rashi ba. Akwai uwa, akwai ƙanne. 'Yarsa Dong-hee, yarinya ce a lokacin, ta yi gardama da mahaifinta ƙwarai. A ganinta, barin mutumin da rai ya isa. Don me kuma za a ce ta kira shi wanta? Uban ya nuna mata cewa ya sha kurkuku shekara biyar don kada ya karya dokar Allah a kan gumaka, ba shi da iko kuwa ya zaɓi wata doka ya bar wata. Ta yi biyayya, amma zuciyarta ba ta bi nan da nan ba. Daga baya ta rubuta littafi a kan mahaifinta, ba ta ɓoye ɗacin da ta ji ba. Shi ma saurayin bai sami sauƙi ba, nauyin abin ya bi shi dukan kwanakinsa.

Da yaƙin Koriya ya tashi a 1950, aka roƙi Fasto Son ya gudu, ya ƙi barin kutarensa. Sojan kwaminis suka kama shi, suka harbe shi ran 28 ga Satumba. An Jae-seon yana cikin masu makoki a matsayin ɗa. An binne uban a Aeyangwon kusa da 'ya'yansa biyu.

Me za mu koya? Gafarar da ya yi ba ta komo da yaran ba, ba ta kuwa share hawayen gidan a rana ɗaya ba. Abin da ta yi shi ne, ta hana a ƙara kabari na uku saboda su. Mun ga kuma a gida ɗaya uba ya gafarta cikin kwanaki kaɗan, 'ya kuwa ta daɗe tana fama. Saboda haka in irin wannan masifa ta auko wa wani gida cikin ikilisiyarmu, kada mu ɗauki labarin nan mu ɗora musu kamar kaya. Romawa 12 ta hana mu ramuwa, ita ce kuma ta umarce mu mu yi kuka tare da masu kuka. Mu fara da wannan. Mu zauna da su, mu kai musu abinci, mu ambaci sunan yaron, mu koma bayan masu gaisuwa sun watse. Sauran aikin na Ruhun Allah ne, shi ya san lokacin kowace zuciya.