Fada Damiyan, Firist na Kutaren Molokai

A Markus sura ta ɗaya mun karanta yadda Ubangijinmu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu. Yau za mu ba da labarin wani bawan Allah da ya bi wannan sawu har kabari.

An haifi Yusufu De Veuster a ƙauyen Tremelo, ƙasar Beljiyam, a shekarar 1840, ɗan manoma ne. Damiyan shi ne sunan da ya ɗauka da ya shiga aikin Ikilisiya. Yayansa aka zaɓa ya tafi bishara tsibiran Hawayi, sai ciwo ya kwantar da shi, ƙanen ya roƙa a tura shi a madadinsa. Ya sauka can a 1864, aka naɗa shi firist.

A lokacin kuturta ta addabi mutanen Hawayi. Dokar 1865 ta sa ana kama masu ciwon, a raba miji da mata, uwa da ɗa, a kai su wani lungu na tsibirin Molokai, teku ta gefe uku, dutse mai tsawo a baya. A watan Mayu 1873 Damiyan ya isa wurin, ya tarar da mutane wajen 800. An shirya firistoci huɗu su riƙa karɓa-karɓa, amma shi da ya je ya nemi a bar shi ya zauna.

Bai tsaya ga wa'azi kawai ba. Ya iya sassaƙa, don haka shi da majinyatan suka gina gidaje, suka jawo ruwa, suka buɗe gidan marayu. Yana wanke gyambo, yana ƙera akwatin gawa, yana haƙa kabari da hannunsa. Abin da ya fi taɓa mu shi ne yakan sa hannu a ƙwarya ɗaya da su. Wanda ya san yadda ake ware wa kuturu kwanonsa a garuruwanmu ya san nauyin wannan.

Ba mutum ne mai sauƙin zama ba. Yana da taurin kai da saurin fushi, ya dami hukuma da shugabanninsa da roƙon katako da magani. A ganinmu, da ya cika kunya da kawaici, da marasa lafiyan sun ci gaba da kwana cikin ruwan sama.

A ƙarshen 1884 ya tsoma ƙafa a tafasasshen ruwa bai ji zafi ba, ya gane ciwon ya kama shi. A zamanin babu maganin da ke warkar da kuturta kamar yadda ake da shi yau. Ya ci gaba da aiki, har Sista Mariyan Cope ta zo da 'yan'uwanta a 1888 suka kama. Ya rasu ran 15 ga Afrilu 1889, yana da shekara 49, aka binne shi kusa da majami'arsa. A 1936 aka mayar da gawarsa Beljiyam, a 2009 kuma Paparoma Benedict na 16 ya sa shi cikin tsarkaka.