Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499)

'Yan ajinmu za su tuna yadda muka haddace sunayen sarakunan Kano da shekarunsu don mu ci jarrabawa, muna ajiye biro muka manta. Ni dai ban sake waiwayar Muhammadu Rumfa ba sai da ofishinmu ya tura ni wani taron bita a Maroko, ranar hutu na shiga jirgin ƙasa na tafi birnin Fas.

Tsohon garin Fas mota ba ta shiga lungunansa, sai jaki da alfadari. Kowace sana'a da layinta: nan maƙeran tagulla, can masaƙa, gaba kaɗan dukawa. A majemar Shuwara ana miƙa wa baƙo ganyen na'ana'a ya kara a hanci saboda wari, ga ramuka jere kamar na marinar Ƙofar Mata. Tun 1981 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Abin da ya tsayar da ni shi ne masaukin fatake, wanda suke kira funduƙ. Ashe sunan unguwar Alfindiki ta cikin birnin Kano daga nan ya samo asali. Da na dawo gida sai na nemi sanin wanda ya shimfiɗa namu tsohon birnin, bincike kuwa ya kai ni ga Rumfa.

Kundin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Palmer kuma ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ya sa Rumfa a matsayin sarki na 20 daga Bagauda. Mahaifinsa shi ne Sarki Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463. A zamanin Yakubu ne Fulani malamai suka iso daga Mali da littattafai, gishirin Azbin ya wadata a ƙasar Hausa, Barebari da Larabawa suka riƙa zuwa fatauci. Ke nan Rumfa ya tashi ya tarar da baƙi suna kwararowa, garin kuwa bai da wurin da zai ɗauke su.

Ana cewa kafin ya hau gado ya zauna a Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Da ya zama sarki sai ya janye fada daga wajen Dala ya gina sabuwa a kudu, ita ce Gidan Rumfa da ke nan har yau. Ya faɗaɗa ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, ya zagaye sabon fili ta Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa har Kansakali. Sa'an nan ya kafa kasuwar Kurmi a bakin Jakara.

A ganina kasuwar nan ta fi duk sauran ayyukansa. Ganuwa kowane sarki na wancan zamani yana ginawa. Amma bafataken da ya kwashe wata biyu ko uku yana ratsa Sahara ba bango kawai yake nema ba. Yana son masauki, da dillalin da zai amince da shi, da alƙalin da zai raba gardama, da kayan da zai saya ya koma da su. Kasuwa ɗaya babba a ƙarƙashin idon sarki ita ta haɗa masa waɗannan. Mu mutanen Wudil mun san haka, domin muna ganin yadda kasuwar shanu ta ranar Juma'a take ciyar da mai abinci da mai mota da mai igiya, ba mai saniya kaɗai ba.

Ba Rumfa ne ya ƙirƙiro rini ko jima ba, an san su kafin shi. Sai dai a inuwar kasuwarsa suka bunƙasa, kuma shekarar 1498 ake ambata a matsayin farkon marinar Ƙofar Mata, wato saura shekara ɗaya ya rasu. Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli marini ba ya yi asara. Ana zuba ruwa a rami mai zurfi, a sa baba da toka da katsi, a bar shi kwanaki har ya nuna. Marini ya tsoma zane ya ciro shi kore-kore, iska na bugunsa sai ya juye shuɗi a gaban idonka. Haka zai yi ta tsomawa yana cirowa har launin ya kai yadda ake so, daga nan a kai wa mabuga su buge shi ya yi ƙyalli. Majema kuwa da bagaruwa suke jeme fatar jar akuya, a rina ta da karan dafi. Wani ɓangare na fatar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko daga ƙasar Hausa ta fito, sunan ya bi hanyar da ta bi ne kafin ta kai gare su.

Wajen 1492 babban malami Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yau, ya sauka a Kano. Ya rubuta wa Rumfa ɗan littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, inda ya yi magana a kan tsare amana, da sauraron ƙarar talakawa, da tara dukiyar baitulmali ta halal, da gudun karɓar kyauta daga masu neman hukunci. Duk ma'aikacin gwamnati da ya karanta shi sai jikinsa ya yi sanyi, ni ma ban tsira ba. Sharifan Kano suna danganta kansu da zuriyar wannan malami. A wannan zamani ne aka sare itacen da ake yi wa tsafi aka gina masallaci a gurbinsa. Rumfa ne kuma ya kafa majalisar Tara ta Kano, ya kawo kakaki da figini da takalmin gashin jimina.

Kada a ce na ɓoye wani abu. Kundin da ya yabe shi, shi ne ya ce Rumfa ya fara kulle, ya tara mata dubu a gidansa, har yana sa a ɗebo masa 'yan mata daga ƙauyukan bayi, ya kuma ɗora babanni a kan manyan muƙamai. A kasuwar Kurmi an sayar da mutane kamar yadda aka sayar da zane, har ƙarni na 19. Ya yi yaƙi da Katsina shekara 11, ba wanda ya ci wani.

Ya rasu a 1499 bayan shekara 36 ko 37 a kan gado, ɗansa Abdullahi ya gaje shi. Ba a daɗe ba wani mutumin Fas, Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambaci Kano a littafin da ya kammala a 1526 a matsayin garin masu sana'a da attajirai. Barth, Bajamushen da ya zo a 1851, ya tarar tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Bayan dawowata na ɗauki ranar Asabar na zagaya da ƙafa, daga Gidan Makama zuwa Kurmi, na ɓulle Ƙofar Mata. Ramukan rini da yawa sun cike da shara, waɗanda ke aiki kaɗan ne, kuma yawancin marinan da na gani dattawa ne. Ganuwa a wurare da dama an kwashe ƙasarta an yi gini a kanta. An sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su tun 2007. Daga Wudil zuwa nan tafiyar kusan kilomita 40 ce. Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu, a taro mai zuwa a duba yiwuwar mu ɗauki hayar mota mu kai 'yan ajin ƙarshe na makarantarmu, tun akwai marinin da zai tsoma zane a gabansu.