Kurman da Ya Buɗe wa Duniya Kunne

Ya mai karatu, in ka ratsa kasuwar Magariya ko ta Dungas, ba za ka rasa jin muryar rediyo ba. Amma ko ka san cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka share wa rediyo hanya, mutum ne wanda kunnensa ba ya ji sosai? Sunansa John Ambrose Fleming.

An haife shi a garin Lancaster, a ƙasar Ingila, a shekara ta 1849. Mahaifinsa fasto ne. Ya yi karatu a Landan da Kambirij, daga baya ya zama babban malamin ilmin lantarki a jami'a a Landan. Yana girma, kurunta tana ƙaruwa masa.

A 1899 kamfanin Marconi ya ɗauke shi mai ba da shawara. Shi ya tsara babbar na'urar da aka kafa a Poldhu, wadda a watan Disamba 1901 ta aika da saƙo ya ƙetare tekun Atlantika ba tare da waya ba. Duniya duka ta yi ta yabon Marconi, sunan Fleming kuwa da ƙyar aka ambace shi. Abin ya yi masa zafi ƙwarai. Amma da ya ke an riga an yi yarjejeniya cewa yabon na Marconi ne, sai ya kama bakinsa, har Marconi ya rasu a 1937.

Saƙon iska na lokacin ba shi da ƙarfi, sai mai kunne ƙwarai ke kama shi. Fleming fa? Sai ya nemi hanyar da ido zai ga saƙon. A 1904 ya tuna da waɗansu ƙwayayen fitila da ya yi gwaji da su shekaru da yawa da suka wuce, ya ajiye. A cikin kowanne akwai siririyar waya mai yin zafi, da ɗan faifan ƙarfe, an kuma zuƙe iskar ciki. Ya gane wuta tana bi daga wayar zuwa faifan, amma ba ta komowa. Ya haɗa ƙwan da ma'auni, saƙo ya shigo, ma'auni ya nuna. Ya sa masa suna bawul, gama aikinsa kamar na bawul ɗin tayar keke ne: hanya ɗaya tak.

A 1906 wani Ba'amurke, Lee de Forest, ya ƙara waya ta uku a ciki, daga nan aka sami na'urar ƙara ƙarfin murya. Da irin waɗannan kwalabe aka yi ta gina rediyo, kafin a ƙago taransisto a 1947. Har yau waɗansu masu yin magana ta rediyo don sha'awa suna amfani da su. Sun san kwalbar tana bukatar kulawa. A bar ta ta ɗumama kafin a sa ta aiki. Kada zafi ya yi mata yawa. In ta tsage iska ta shiga, ta mutu ke nan. Mai gyara kuma ya yi hankali, gama ko an kashe na'urar, wutar da ta rage a ciki tana iya kisa.

Fleming mai bin Almasihu ne, ilmi bai sa ya ji kunyar bangaskiyarsa ba. Ya taɓa yin wa'azi a wata majami'a ta Landan a kan tashin Yesu daga matattu. Bai haifu ba, ya kuwa bar kaso mai yawa na dukiyarsa don taimakon matalauta. Ya rasu a 1945, yana da shekara 95.

Ɗan'uwa, wace kasawa ce ta ke sa ka zaman baƙin ciki? Wane ne ya ci yabon wahalarka? Dubi wannan dattijo. Bai bar kurunta ta zaunar da shi ba, bai kuwa karya alkawari don neman suna ba. Allah ya ba mu irin wannan haƙuri. Amin.