Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, Haifaffen Bebeji

An haifi Alhaji Alhassan a Bebeji cikin 1877, a gidan Agalawa fatake. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu tun yana yaro. Da ya kawo ƙarfi sai ya bi ayari zuwa Gwanja fataucin goro, daga baya ya riƙa sako goronsa a jirgin ruwa zuwa Ikko.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano gyaɗa ta yi daraja, ya zama babban mai saya wa Kamfanin Neja. Shi ne bankin mutanensa, gama yakan ba yaransa jari bisa amana, su shiga ƙauyuka su sayo, kowa ya sami na kansa. Cikin 1929, zamanin da attajirai da yawa ke binne dukiyarsu, ya kai wa bankin Turawa na Kano ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Ya zauna majalisar Sarkin Kano, ya kuma taimaki maniyyata aikin Hajji.

Ya rasu ran 17 ga Agusta, 1955. Duk ma'aikacin da aka danƙa wa kuɗin jama'a, ga abin koyi. Allah ya ji ƙansa, amin.